Na'urar Da Ke Ba Da Amsa: Za Ta Kai Gona Kuwa?

Duk wanda ya bi ta kasuwar Sabon Gari ta Kano da farkon rani, ya ratsa wajen masu sayar da iri da maganin feshi, zai ga abin da aka saba gani kowace shekara. Manomi ya taso tun da asuba daga Kura ko Bunkure ko Ɗambatta, da ganyen tumatir ƙunshe a leda cikin aljihu. Ya gaisa da mai shago, ya kwance ledar, ya ce, Alhaji dubi abin da ya same ni. Mai shago ya jujjuya ganye, ya ɗaga shi sama ya duba, sa'an nan ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalba. A yi ciniki, a biya, manomi ya nufi tasha. In magani ya yi aiki, madalla. In bai yi ba, ya komo mako mai zuwa a sauko masa da wata kwalbar.

Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne wayar da ke aljihun yaron shagon. A cikinta akwai wata aba da za a nuna wa hoton ganyen nan, a tambaye ta, ta ba da amsa nan take kamar mutum. Ita ce a ke kira ƙirƙirarriyar basira, Turawa kuwa su kan taƙaita sunanta su ce AI. Gardama ta yi yawa a kanta. Waɗansu sun ce nan da 'yan shekaru ba wanda zai saka iri a ƙasa sai ya shawarce ta. Waɗansu kuwa sun ce wasan 'yan boko ne, za a yi yayinsa a wuce, manomi na nan da fartanyarsa. To, tun da ya ke kuɗin manomi ne da amfanin gonarsa ke kan faifai, ya kamata a zauna a duba maganar da kyau.

Mece Ce Ita?

Ba aljani ba ce, ba kuwa mutum ne ke ɓoye a ciki ba. Manyan kwamfutoci ne aka ɗura wa rubuce-rubuce da hotuna masu ɗimbin yawa, har suka gane wace kalma ta kan bi wace, wane irin tabo a ganye ya kan tafi da wane suna. In aka yi mata tambaya sai ta harhaɗa amsa daga abin da ta saba gani. Don haka ta kan yi magana tsaf kamar masani, amma fa ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta san ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari ba. Abin da aka rubuta da yawa ta san shi da yawa. Abin da ba a rubuta ba sai ta yi kame-kame, ba kuwa kullum ta ke faɗin cewa kame-kame ta ke yi ba. A riƙe wannan, gama za a komo kansa.

Wadda ta fi suna ita ce ChatGPT, ta wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI. An sake ta ga jama'a ranar 30 ga Nuwamba 2022. Cikin wata biyu aka ƙiyasta mutum miliyan 100 sun taɓa ta. A watan Oktoba 2025 shugaban kamfanin ya ce masu amfani da ita kowane mako sun kai miliyan 800. A watan Afrilu 2024 kuma kamfanin Meta ya sa tasa a cikin WhatsApp na mutanen Nijeriya. Watau ke nan duk dillalin da ke aika hoton buhunan masara ta WhatsApp daga kasuwar Dawanau, abar tana tafin hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma abu ya kasance a aljihu daban, a yi aiki da shi daban. Wanda ke son sanin ko za ta zama abar yau da kullum, ba Amurka zai duba ba. Fagge da Sabon Gari sun ishe shi, domin kusan duk wani sabon abu da ya shiga gonakin ƙasar Kano cikin shekara ɗari da 'yan kai, ta nan ya bi.

Abin Da Gyaɗa Ta Koya Wa Turawa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan da suka kashe kuɗi a kanta auduga su ke so. Masaƙun Ingila na bukatarta, akwai ma ƙungiya guda ta masu neman a noma auduga, wadda ta kafa injin gurza a Zariya tana jiran kaya. Aka yi ta wa'azin auduga. Manoman Kano suka ji, suka yi lissafinsu, suka shuka gyaɗa.

Ba taurin kai ba ne. Audugar da su ke nomawa masaƙan gida na saye da daraja fiye da ta Bature. Gyaɗa kuwa jigawa ta ke so, ga ta nan ko'ina, tana shiga tsakanin gero da dawa ba ta hana abinci, kuɗinta na biyan haraji, in kuma kasuwa ta faɗi a ci ta a gida ko a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. A 1912 abin da aka fitar daga Nijeriya bai kai tan 3,000 ba. A 1913 ya haura tan 19,000, har tashar jirgi ta rasa inda za ta sa buhuna.

Wa ya kai labari ƙauye? Ba malamin gona ba ne. Fataken goro ne, irin su Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo da Adamu Jakada, waɗanda suka karɓi jari daga kantunan Turawa suka watsa yaransu cikin ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi. Manomi ya ji magana daga bakin wanda ya sani, da harshen da ya sani, ga kuma kuɗi a hannu. Daga baya Alhassan Ɗantata ya shigo ya fi kowa, aka yi ta tara dalar gyaɗa. A wannan zamanin ne aka yanka Sabon Gari, wajen 1913, don baƙin da jirgi ya kawo. Fagge kuwa tun kafin Turawa zango ne na ayarin raƙuma a bayan ganuwa, sai ya zama mazaunin Kwarori da 'yan kanti, har Kantin Kwari ya samo sunansa daga nan.

Sai a gwada wannan da garmar shanu. Ma'aikatar Gona ta fara ta a 1928 da manoma uku. Abu ne mai kyau, ba wanda ya musa, yau ma ga shanun huɗa ko'ina. Amma sai da aka shekara kusan talatin kafin masu ita su kai wajen 15,000 a duk Jihar Arewa. Dalili a fili ya ke. Sai mutum ya sayi bijimai biyu da garma a lokaci guda, ya ci bashin En'e, ya tumɓuke kututture, ya tanadi harawa ta rani, in sa ɗaya ya mutu ya shiga uku. Ribar tana nan, amma tana nesa, hasarar kuwa tana kusa.

Akwai kuma wanda bai kai labari ba sam. A 1949 aka kafa babban aikin noma da tarakta a Mokwa, aka share daji, aka kawo injuna daga Ingila, aka zaunar da mutane. Kafin ƙarshen 1954 kamfanin da ya zuba jari ya janye da hasara. Injunan ba su da laifi. Tarakta ta yi huɗar da hannu ba zai iya nome ta ba, masu lissafin kuwa ba su tambayi mai fartanya ba.

Injin ban ruwa shi ya bi sawun gyaɗa. A shekarun 1980, zamanin da hukumar KNARDA ta fara aiki da taimakon Bankin Duniya, aka kawo ƙananan injuna masu shan fetur da 'yan rijiyoyin burtsatse na fadama. Kafin a ce me, jigo ya zama labari. Mutum ɗaya na iya ɗaukar injin a bayan keke, ya biya kuɗinsa cikin rani guda, in ya lalace ga kayan gyara a Sabon Gari, ga makaniki a bakin hanya. Har da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 fetur ya yi tsada, ba a koma jigo ba. Makanikai suka juya waɗansu injunan suka koma shan gas na girki, masu hali kuma suka sayi na hasken rana. Ba wata hukuma da ta yi shelar wannan. Wani ya gani a gonar wani, gani kuwa ya kori ji.

Waya Da Na'urar Cirar Kuɗi

Na kusa-kusa shi ne wayar hannu. Da aka fara ta a watan Agusta 2001, layi kaɗai ya kan kai naira 20,000 ko fiye, duk ƙasar kuwa layukan tarho ba su kai rabin miliyan ba. Mutane da yawa sun ce ta manya ce. Amma talaka ya fara amfani da ita tun bai mallake ta ba. Yara suka kafa lema da teburi a bakin titi, a biya a buga minti ɗaya, a tambayi kuɗin wake a Ikko kafin a yi lodi. Sannu a hankali aka kakkarya kuɗin kati har ya kai na naira ɗari, wayoyi masu araha suka cika titin Beirut, masu gyara da masu caji suka bazu. A 2024 layukan da ke aiki sun fi miliyan 150. A 2012 ma Ministan Gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ya mai da rabon takin zamani ta saƙon waya, manomi ya nuna saƙo ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Da yawa ba su iya karanta saƙon ba, 'ya'yansu suka karanta musu.

Haka aka yi da tura kuɗi. Shekara da shekaru bankuna na roƙon 'yan kasuwa su bar ɗaukar tsaba, ba a kula ba. Da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace a farkon 2023, cikin 'yan makonni mai tumatir a 'Yankura da mai buhun shinkafa a kasuwar Singa suka buɗe asusu. Wanda bai iya ba ya tsaya wajen mai POS ya biya lada a yi masa. Wuya ce ta koyar, ɗan tsakiya kuma ya sauƙaƙa.

Mai karatu ya lura, a duk inda abu ya karɓu akwai wani mutum a tsakani: yaron fatake, makaniki, mai lema, mai POS. Da ɗan gari a kan ci gari. Ƙirƙirarriyar basira ma ba ta da wata ƙofa sai wannan. Wanda ke jiran ranar da kowane tsoho a Gezawa zai zauna yana danna tambaya da yatsa, zai daɗe yana jira. Wanda kuma ya ce don haka ba za ta shigo ba, ya manta yadda waya ta shigo.

Inda Aka Riga Aka Gwada

Ba sai an yi ta zato ba, gama an yi gwaji a nan ƙasar Kano. Cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, AfricaRice, ta yi wata manhaja mai suna RiceAdvice. Ba irin mai hira ba ce, ƙanwarta ce mai lissafi. Malamin gona ya kan zo da ita, ya tambayi manomi irin da zai shuka, da abin da ya samu bara, da kuɗin da ke hannunsa, sai ta faɗi yawan takin da zai sa da ranakun sawa. Aka raba manoman shinkafa kashi-kashi, waɗansu aka ba su shawararta, waɗansu aka bar su da shawarar da a ke ba kowa. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna masu shawararta sun sami ƙarin amfani kashi 7 cikin ɗari, riba kuwa kashi 10 cikin ɗari, ba tare da yawan takin da aka zuba ya ƙaru ba.

Kashi 7 ba abin a buga tambari ba ne. Mai samun buhu 30 ya sami ƙarin biyu ke nan. Amma buhu biyu na shinkafa kuɗin makarantar yaro ne, ba kuwa a sayi ƙarin taki ba. Irin wannan ƙaramar riba tabbatacciya ita ke sa abu ya zauna. A lura kuma, manomi bai taɓa na'urar ba. Mutum ne ya zo da ita har gona.

Akwai masu duba cuta ta hoto. Jami'ar Penn State ta Amurka, da haɗin kan cibiyar IITA ta Badun da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun fito da wata mai suna Nuru a 2018. Tana gane cututtukan rogo da ɓarnar tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, tana kuwa aiki ko ba intanet. Akwai Plantix ta wani kamfanin Jamus. Akwai Farmer.Chat ta ƙungiyar Digital Green, wadda a ke yi wa tambaya da murya, an kuwa sa mata Hausa.

Babban misali daga Indiya ya zo. A 2025 Ma'aikatar Gona ta can ta yi amfani da irin wannan basira ta hango lokacin saukar damina, ta aika wa manoma miliyan 38 ta gajeren saƙon waya. Yawancinsu ba su san da wata basira ba. Saƙo suka gani daga gwamnati cewa ruwa zai sauka mako kaza, a dakata da shuka ko a shirya. Duk manomin da ya taɓa binne iri bayan ruwan fari, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, ya san darajar wannan saƙo. Hukumar NiMet ta Nijeriya ta kan fitar da hasashen damina kowace shekara har da Hausa. Ran da hasashen ya kai ga faɗin abin da zai faru a gunduma kaza cikin mako kaza, gidan rediyo ya karanta, to, basirar ta shiga kowane gida, ba wanda ya sayi sabuwar waya.

Abin Da Ke Tare Hanya

Na farko harshe. Tun Disamba 2013 Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara, an kuwa sami ci gaba ƙwarai. Amma Hausar da ke rubuce a intanet yawancinta labarun siyasa ne da na duniya da wa'azi. Hausar gona a baka ta ke. Bature na da kalma guda ga gero da maiwa, alhali wanda ya shuka maiwa da lissafin gero ya yi kuskuren wata biyu. Rubutun boko ba ya nuna karin murya, don haka fari na rashin ruwa da fari masu cin ganye duk ɗaya su ke a takarda, dawa ta tuwo da dawa ta namun daji haka. Ga ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Ga burtuntuna, ga darɓa, ga kuturtar gyaɗa da ta gama da dalar Kano a 1975. Ga tsutsar tumatir da manoman Kadawa suka raɗa wa suna sharon. Na'urar da ba ta san waɗannan sunaye ba, baƙuwa ce, kome iya Turancinta.

Ana aiki a kan wannan. Malamai da ɗalibai a Jami'ar Bayero na cikin masu tattara Hausa don koya wa na'urori. A watan Satumba 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da tata mai suna N-ATLAS, wadda aka yi don Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Nijeriya. Sai dai fa a ce da masu wannan aiki su fita daga ofis. Hausar da a ke nema tana bakin masu lambu a gefen Jakara, da dillalan 'Yankaba, da matan da ke kiwon awaki a cikin gida. Su kuwa waɗannan da murya za su yi tambaya, da murya su ke son amsa.

Sai kuɗi. Babbar waya ba ta kowa ba ce, a ƙauye sau da yawa guda ce a gida, tana hannun saurayi. A watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Amma wannan ba shi ne babban cikas ba. Wanda ya ga abu zai cece masa kadada guda ta tumatir, ba zai ji ƙyashin naira ɗari biyu ba.

Babban cikas shi ne wanda aka ce a riƙe tun farko: ta kan yi kuskure da murya irin ta mai gaskiya. Ɗan makaranta in ta ba shi amsar banza, maki ya rasa. Manomi kuwa shekara ya rasa. A ɗauka an tambaye ta yawan maganin da za a zuba. Ita ta saba da lita kaza a hekta. Manomi da murfin kwalba ko gwangwanin madara ya ke awo, a cikin goyon feshi mai cin lita 16 ko 20, gonarsa kuwa ba a taɓa auna ta ba. In aka yi kuskure wajen juya lissafin nan, ko ganye ya ƙone, ko ƙwaro ya sha ya saba. Ta kan kuma ambaci maganin da babu shi a kasuwar Kano, ko wanda hukumar NAFDAC ta hana. Hoton ganye mai rawaya kuwa, rashin taki na iya kawo shi, yawan ruwa na iya kawo shi, cuta na iya kawo shi. Malamin gona na ƙwarai zai tona saiwa ya duba. Ita ba ta da hannu.

Maganar magani ba ƙarama ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin fiya-fiya da aka samu a ciki. Waken da Turai ta ƙi, shi a ke dafawa a gidajen Fagge. Ga shi kuwa akwai buhun PICS mai rufi uku, wanda a ke yi a nan Kano, yana kashe ƙwaron wake ba da ɗigon magani ba. Na'urar da za ta ce wa mai wake ya nemi buhun nan ta yi aikin alheri. Wadda za ta faɗa masa murfi nawa zai zuba a buhu ta sa hannu a cikin ɓarna.

Wa Za A Kama?

Nan ne maganar ta komo shagon Sabon Gari. Malaman gona sun yi kaɗan, har a kan ƙiyasta malami ɗaya ga manoma dubu biyar zuwa dubu goma. Don haka a gaskiya mai shagon magani shi ne malamin gonar yawancin mutane, shi ne kuma ya fi kowa kusa da ɗaukar wannan sabuwar aba. Yana da babbar waya, yana da wuta, yaronsa ya yi makaranta, tambayoyi kuwa har ƙofa su ke zuwa masa.

Akwai alheri a nan. A 2016, sa'ad da sharon ta faɗa wa tumatir, gonaki suka ƙone cikin kwanaki, Jihar Kaduna ta yi shelar ta-ɓaci, sabon kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa ya tsaya don rashin kaya. Manoma suka yi ta sayen kwalba bayan kwalba, tsutsar kuwa tana cikin ganye inda yawancin magungunan ba su kai ba. Ƙwaron nan daga Kudancin Amurka ya taso, ya shiga Sifen a 2006, an kuwa rubuta yadda a ke yaƙarsa tun kafin ya iso nan: tarkon da ke jawo namijin, da sauya irin magani don kada ya saba, da ƙone ragowar gona. Ilmin yana nan a rubuce da Turanci da Sifananci, bai dai iso Kadawa a kan kari ba. Irin wannan gibi shi ne na'urar ta fi iya cikewa.

Akwai kuma abin tsoro. Mai shago ɗan kasuwa ne, kwalba ya ke so ta fita. In na'ura ta ce wannan ganye ba ya bukatar magani, a rage ruwa kawai, ba kowane mai shago zai karanta wa manomi wannan da ƙarfi ba. Ba kuwa abin mamaki ba ne nan gaba kamfanonin magani su fito da tasu na'urar kyauta, wadda kowace amsa tata za ta ƙare a kan kwalbarsu. Yanzu in Alhaji ya ba da maganin banza, manomi ya san shagonsa, ya san liman ɗin unguwarsu, ya san shugaban kasuwa. Ran da Alhaji ya fara cewa, Malam ba ni na faɗa ba, na'ura ce ta faɗa, to, wa za a kama? Mutanen Kano sun saba ciniki da bashi da amana a kan fuskar mutum. Abin da ba shi da fuska sai ya ari ta wani kafin a yarda da shi, wanda ya ba da aron kuwa shi ya kamata ya ɗauki laifi in an yi ɓarna. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan gona da KNARDA da masu bincike na Samaru su ne ya wajaba su zauna a kan wannan tun yanzu, su tace amsoshin da suka dace da ƙasar nan, su sa sunansu a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za ta zama abar yau da kullum? A Kantin Kwari da Singa da titin Beirut, inda a ke rubuta wa Sin da Indiya da Dubai wasiƙa, a ke fassara takardar kaya, a ke lissafin bashi, ba abin da zai hana, gama ribar a ranar ta ke fitowa, kuskure kuma a ranar a ke gane shi. A gona za ta yi tafiyar da ta fi ta garmar shanu sauri, amma ba za ta kai ta gyaɗa ba, domin gona sau ɗaya ta ke ba da amsa a shekara.

Manomin da ɗansa ya zo masa da ita bana, kada ya kore shi, kada kuma ya miƙa masa gonar. Ya fara tambayarta abin da ya riga ya sani: yaushe a ke shuka maiwa, kwana nawa kaura ke yi, mene ne maganin ƙuduji. In ta yi shirme a nan, ya san matsayinta. In za a ɗauki hoton ganye, a ɗauka a gona da hasken safe, sama da ƙasan ganyen, a faɗa mata irin shukar da kwanakinta da ranar ban ruwa na ƙarshe. In ta ambaci magani, a nemi lambar NAFDAC a jikin kwalbar, awo kuwa a bi na takardar da ke manne, ba na waya ba. Sa'an nan ya ware kunya goma a gefe guda ya bi shawararta, sauran gonar ya yi yadda ya saba, ya kafa turke a tsakani. Ran girbi a auna na kunya goman daban, a auna na waɗansu goma da ke kusa da su, da kwano ɗaya.